Gicciye a Bayan Keke

A Birnin Kudu mu Kiristoci ba mu da yawa. Ranar Lahadi da la'asar gida-gida muke taron addu'a. Akwai wani ɗan gicciyen katako, duk gidan da aka kai shi, nan za a taru.

Ina aji uku gicciyen ya iso gidanmu. Inna ta share tsakar gida sau biyu, ta yayyafa ruwa, ta dama kunun tsamiya. Maƙwabciyarmu Hajiya ta ara mana tabarmi huɗu.

Muna jira sai ga Malam Katikis shi kaɗai. Ko sauka daga keke bai yi ba.

Ya ce, "Maman Talatu, an mayar da taron gidan Injiniya. Matan ma'aikata sun ce ba za su iya zaman ƙasa ba."

Inna ta ce, "To, Malam." Ta ɗauko gicciyen, ta goge shi da bakin zanenta, ta miƙa masa hannu bibbiyu. Ya ɗaure shi da roba a bayan keke kamar itacen girki.

Da muka mayar da tabarmin, Hajiya ta ce, "Har baƙin sun tashi?"

Inna ta ce, "Sun tashi."

Ita ce ƙarya ɗaya tak da na taɓa ji daga bakinta.

Yau ina da kujeru, taron ma yana zagayowa gidana. Duk ranar da ya zo, kujerun a ɗaki nake kulle su, in shimfiɗa tabarma.