Mai Ɗebo Ruwan Baftisma

Ranar Lahadi, rana ta buɗe da zafi, babu ko iska. Tsoho Félix yana zaune a bakin kwamin siminti na bayan majami'a, jakinsa ɗaure da amalanke, jarkoki a jere babu ruwa.

A ƙauyen nan na gefen Kore Mairuwa babu gulbi, tafki kuma yakan ƙafe tun kafin Ista. In za a yi baftisma, sai an cika kwamin da ruwan rijiya. Tun baftismar farko da aka yi a garin, Félix ne ya ɗebo ruwan. Shi ne dai har yau. Kujerarsa tana gaba a majami'a, ko da yake in an zo Jibin Ubangiji, wanda masu baftisma kaɗai ke ci, yakan fita duba jaki. An saba da shi haka.

Bana kwamin a bushe yake, saboda 'ya'yansa biyu sun raba ikilisiya.

Rodrigue, babban, dattijon majami'a ne. Ya ce baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ake yinta, haka Yesu ya umarta. Osée, ƙaramin, ya dawo daga karatun fasto a hayin iyaka. Ya ce manzanni da sunan Yesu kaɗai suka yi, wanda aka yi wa ta wata hanya wanka kawai ya yi. Kowa da ayarsa. Mata suka daina gaisawa a bakin rijiya. Masu jiran baftisma suka gaji, wasu suka tafi cirani.

Félix bai sa baki ba. Karatunsa bai yi nisa ba, magana kuma ba ta dame shi ba. Jira yake su daidaita. Ya jira damina ta wuce, ya jira kaka. Ana cikin haka matarsa Alheri ta kwanta, ba ta tashi ba.

An binne ta a maƙabartar masu bi, cikin shingen ƙaya. Dokar wurin tsohuwa ce: wanda bai shiga ruwa ba, bayan shinge ake kai shi. Félix da hannunsa ya taɓa haƙa irin wannan kabari. Kusa da Alheri an bar fili daidai tsawon mutum. Kafin ta cika ta riƙe hannunsa ta ce, "Ni dai na gaya maka, ba ni kwana can ni ɗaya."

Tun daga nan tari ya kama shi. Guga ya fara yi masa nauyi.

Yau bayan sujada gardama ta sake tashi, har Osée ya ce ko baftismar uwarsu ma da sauran magana. Rodrigue ya cakumi wuyan rigarsa. Da aka raba su, suka nufo tsohon a bakin kwami, jama'a na biye.

"Baba, kai za ka raba mu," in ji Rodrigue. "Kana nan ranar farko. Da waɗanne kalmomi anka yi muku?"

"Faɗa mishi, Baba," Osée ya ce. "Ko shi dattijo ya samu ya yi barci."

Félix ya dube su, ya dubi kwamin.

"Ban ji ba," ya ce.

Aka yi dariya. Aka ce tsufa ne. Ya kwance jakinsa ya tafi gida, ya biya ta maƙabarta, ya daɗe tsaye a bakin shingen. Tarin ya sa shi durƙusawa. Da ya miƙe, ya san jiran ya ƙare.

Washegari da asuba ya ɗaura amalanke. Ya yi ta kai da kawowa tsakanin rijiya da majami'a, yana hutawa a hanya, har kwamin ya cika. Ya aika aka kira 'ya'yan. Suka iske shi ya tuɓe riga, yana tsaye cikin ruwa har ƙirji, haƙarƙari duk a waje.

"Ku shigo ku biyu," ya ce. "Kowa shi faɗi nashi. Allah ya zaɓa. Na gaji."

"Baba, ba a yi wa mutum sau biyu," in ji Rodrigue.

Félix ya dai miƙa musu hannuwa. A ranar farkon nan ruwan ya kasa, aka aike shi ƙaro wani. Kafin ya dawo daga rijiya an gama, mai bisharar da ya zo yin baftismar ya hau motarsa, kuma daga ranar har yau babu wanda ya tuna cewa mai ɗebo ruwan bai shiga ba.