Faifan da Aka Naɗe a Takarda

Malam Ɗanjuma, kafin ka goge tsohon faifan nan naka, zauna in ba ka wani misali.

An yi wani mai ɗaukar hoton biki da kwamfutarsa ta tsufa. In ya kunna ta, sai ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama tashi ba, ga wata ƙara ƙas-ƙas daga cikinta kamar ɓera a buhun gyaɗa. Ya kai wa wani dattijo mai gyara, aka ce faifan ajiyarta ne ya kusa mutuwa. Aka sayo sabo. Da za a juye manhajar da ke tayar da ita da sauran kaya, dattijon ya ga faifan a rabe yake gida biyu, ya tambaye shi abin da ke ɗaya ɓangaren. Mai hoto ko dubawa bai yi ba, ya ce tarkacen tsoffin finafinai ne, a bar su. Aka gama, ya kunna, kafin ya gyara zama ta tashi. Daɗi ya kama shi, ya ce a goge tsohon nan take, zai ba abokinsa. Dattijon ya ƙi. Shi al'adarsa, in ya cire faifai sai ya naɗe shi a takarda, ya rubuta sunan mai shi, ya sa a durowa, ba mai taɓawa sai an yi kwana arba'in. Mai hoto ya tafi yana gunaguni, wai tsoho ya mai da faifai mamaci, har da jiran arba'in.

Mako uku da yin haka, mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye ganin likitan ido. Da ta huta, ta ce ya kunna mata muryar mahaifinsa, wadda ya ɗauka shekara guda kafin rasuwarsa, yana lissafa sunayen kakanni yana yi wa 'ya'yansa addu'a ɗaya bayan ɗaya. Ya duba sama, ya duba ƙasa, babu. Nan ya tuna cikin ɓangaren da ya kira tarkace ya adana ta, don kada ta cakuɗe da aikin mutane. Ga shi duk duniya babu wani kwafi. Ya ruga shagon dattijon, kunya ta rufe shi. Dattijon bai ce masa ai na gaya maka ba, durowa kawai ya jawo. Faifan ya yi ta nishi, amma sai da ya ba da muryar kaf. Tsohuwa ta saurara har sau uku tana share hawaye, ta yi ta sa wa mutumin da ba ta taɓa gani ba albarka. Da ta koma gida, ta aiko wa dattijon da ƙwaryar ƙwan zabi.

Ni dai ina ƙaunar masu irin wannan taurin kai, Allah Ya saka musu. Kai ma naɗe naka ka ajiye tukuna. Da tsohuwar zuma ake magani.