Akushi Ɗaya da Baffa

Tun da Zaharadeen ya tura manyansa neman auren Hanifa bai ji amsa ba, sai yau. Yana zaune a soron kakanta da danginta suka mayar gidan abinci, ƙarƙashin azarar da ta girmi kowa a unguwar, sai Hanifa ta shigo kwashe kwanuka.

"Kin ga abin da ya faru kuwa? Baffanki da kansa ya zauna muka ci gasasshiyar zabuwa a akushi ɗaya. Har cinya ya tura mini."

Ba ta ɗago ba. Ta yi ta goge teburin da babu komai a kansa.

"Hanifa, ai ya karɓe ni ke nan, ko?"

"Tun da aka aurar da Adda, babbar yayata," ta ce a hankali, "ko ruwa Baffa bai taɓa sha a gaban mijinta ba. A gidan nan ba a ci da suruki."

Ya dubi hannunsa, man shanu bai ko bushe ba.

"To in sake turo manya?"

Ta ajiye masa ruwan wanke hannu, idanunta sun ciko.

"Baffa ya ce a gaya maka, duk ranar da ka zo, tare za ku ci."