Kitsen Naman Maigida

"Zuciyar oga lafiya lau," in ji likita. "Madam, miƙo hannunki."

Na yi dariya, ai mijina kawai na rako. Ciwon zuciya ne ya kashe surukina, don haka shekara tara ke nan ina gadin mijina. Naman da na sayo a kasuwar Wuse sai na yanke kitsensa tas, kaza in cire fata. Da la'asar in kora shi tattaki, ni ina kicin.

"Ƙalau nake," na ce, "sai dai haki da ciwon muƙamuƙi in na hau bene."

Likita ta daina murmushi. Ta auna jinina sau biyu, ya hau sosai. Ta tambaya ko al'adata ta ɗauke, ko na taɓa yin hawan jini lokacin da nake da juna biyu. Duka na amsa da e, na kuma ba ta labarin yadda nake cire wa mijina kitse.

"Kitsen da kike cirewa, ina yake zuwa?"

"A zubar? Almubazzaranci! Ni nake cinyewa."

Mijina ya sunkuyar da kai.

Washegari da la'asar na ɗaura takalmin tattaki, na miƙa masa wuƙar yanke kitse.

"Alhaji, yau kai ne mai gadi."