Taron Masoyan Mai Tsaron Gada

Farfesa ya ɗaga fitowa ta sittin da uku da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera, ya sake ta ta faɗi a kan tebur.

"Wannan ba rubutun Gwani ba ne," in ji shi. "Ko za a ɗora min wuƙa a wuya."

Ba farfesan komai ba ne. Gyaran waya yake yi a shagon da ke ƙarshen layi. Amma shi ne shugaban masoyan Mai Tsaron Gada, littafin labari mai zane da ke fitowa duk wata, kuma kowace fitowa tana cikin leda a gidansa, ko matarsa ba ya bari ta taɓa. Ranar nan mutum arba'in suka cika ɗakin da ke saman kantin littattafai. Kujerun roba sun ƙare, wasu sun jingina da bango, fanka sai juya zafi take yi.

Gwani, marubucin, yana zaune a gaba cikin sabuwar riga, yana murza wani alƙalami mai tsada da yake sa hannu da shi. Kamfanin da ke buga littafin ya ba shi wata ɗaya: ko labarin ya dawo hayyacinsa, ko a rufe shi. Kowa a ɗakin ya san da haka.

Kukan masoyan ɗaya ne. Fitowa sittin babu ta yarwa, ukun ƙarshe kuwa shara ce. Jarumin da bai taɓa yin maganar da ta wuce layi biyu ba, yanzu yana zuba jawabi shafi guda, har mai zane ya rasa inda zai sa fuskarsa. Tsohuwa mai kwalekwale da ta mutu tuntuni ta dawo da rai ba tare da ko bayani ba.

Farfesa ya riga ya gano bakin zaren. A ganinsa Gwani ya gaji, ya miƙa aikin ga wani ɗan bani-na-iya.

"Ku ji hannun asali," in ji Farfesa. Ya buɗe fitowa ta goma sha biyu ya fara karantawa da murya mai rawa.

A layin baya akwai wata mata da farar rigar kantin magani ninke a hannunta. Ba ta riƙe da littafi ko ɗaya. Leɓɓanta suna motsi, suna riga Farfesa isa ƙarshen kowace jimla.

"Tsohuwar nan," Farfesa ya ci gaba, "mun binne ta tun a fitowa ta ashirin."

"Goma sha tara," matar ta ce.

Aka waiwayo. Wani dogo ya duba nasa, ya ce gaskiyarta. Farfesa ya dube ta daga ɗankwali har takalmi.

"To, baiwar Allah, tunda kin iya ƙirga, me kika gani a ukun nan?"

"Ni kam ina ganin su ne suka fi kama da Gwani."

Ɗakin ya fashe da dariya. Wani ya ce littattafan girki suna ƙasa, hannun hagu. Farfesa ya jira aka lafa, sannan ya yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa mai ciwon kunne, cewa irin wannan rubutu ba na kowa da kowa ba ne, sai wanda ya shekara biyar yana bin tunanin Gwani yake gane ƙamshin hannunsa. Gwani bai yi dariya ba. Ya duƙufa yana goge tabarau.

Dogon nan ya tambaye shi abin da ya daɗe yana damun masoya: me ya sa jarumin bai taɓa tsallaka gadar da yake tsaro ba? Gwani ya yi gyaran murya, ya kalli rufi, ya ce kowa da irin fahimtarsa. Aka yi tafi kamar ya sauko da wata. Farfesa har rubutawa ya yi.

Kafin a tashi suka zagaya da takarda, kowa ya sa hannu. Buƙatarsu a taƙaice take: a kori ɗan bani-na-iya, Gwani ya karɓi alƙalaminsa ya rubuta da kansa. Gwani ya ɗora hannu a ƙirji ya yi alkawari. Matar ta miƙa takardar gaba ba tare da ta taɓa biro ba, ta tashi ta fita.

A matakala Gwani ya cim mata, yana haki.

"Yaya, don Allah. Kin dai ji halin da nake ciki."

"Na ji. Sun ce ka rubuta da kanka."

"Wata ɗaya ya rage min."

"Sharaɗina bai canja ba. A bangon littafin na gaba, inda kowa zai gani."

Daga sama ana kiransa ya zo a ɗauki hoto. Ya dubi yayarsa, ya dubi ƙofar, ya gyara wuyan rigarsa ya koma sama.

Ta sa farar rigarta ta nufi wurin aiki. Shekara biyar tana rubuta Mai Tsaron Gada a kan teburin ɗakin girkinta, ƙaninta na sa sunansa, har ranar da ta nemi a sa nata ya ƙi, ta ajiye biro. Fitowa ukun da suka kira shara su ne kaɗai abin da Gwani ya taɓa rubutawa da hannunsa.