Kabarin Bakin Ƙofa

Sorcha na durƙushe cikin kangon cocin sufaye, tana cire ciyawa daga kabarin mahaifinta, sai ga Fintan, wani saurayin ƙauyensu. Cocin ba rufi, yayyafi na sauka a kansu.

Ya tuɓe hula yana murɗa ta, sannan ya yi tambayar da mazan ƙauyen ke yi in suna neman aure.

"Sorcha, za ki yarda a binne ki tare da mutanena?"

Ta miƙe a hankali, ta dubi kaburburan danginsa can gindin bagadi, wuri mafi daraja a cocin.

"Mutanenka? Su da suka ce masunci bai isa ya kwanta kusa da su ba? Suka turo babana bakin ƙofa, kowa na taka shi?"

"Kakana ne ya yi, ba ni ba."

"Kai ka riƙe masa lema ranar da aka binne babana."

Idonta ya ciko, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Wurina na nan gefen babana. Kuma ɗaga ƙafarka, Fintan. A kansa kake tsaye."