Matar Mai Rabon Gero

Zauna in ba ka wani misali, tunda na ga yabon mutane ya fara yi maka daɗi a kunne.

A shekarar da annoba ta sa aka kulle gari, aka rufe kasuwanni da masallatai, ba shiga ba fita, akwai wani ɗan kasuwar hatsi da dokar ta same shi da buhunan gero jibge a zaure. Ya ce ba zai sayar ba, sadaka zai yi. Kowace safiya sai ya jawo buhu ƙofar gida, mata da tsofaffi su yi layi nesa-nesa da juna, kowa da takunkumi a fuska, shi da kansa yana aunawa. Samari na ɗaukarsa a waya, ana ta sa masa albarka, har unguwannin da bai taɓa takawa ba suka san da zamansa. Matarsa kuwa tana ciki, bango ɗaya ne tsakaninta da wannan alheri, ga 'ya'ya huɗu, ga tsohuwar uwarsa da ba ta iya tashi. Mabuɗin zaure kullum yana aljihunsa. In ta ce masa babu abin ɗorawa, sai ya ce su na gida ne, su yi haƙuri a sallami na waje tukuna. Na waje kuwa ba sa ƙarewa. Ta tankaɗe dusa ta yi tuwo, ta tsige zogalen tsakar gida har ya koma sanda. Maƙwabta su leƙo ta katanga su ce ita kam ta yi dacen miji, ta yi murmushi ta ce alhamdulillahi. Wa za ta gaya wa, wa kuma zai yarda?

Ran nan tsohuwa ta kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba sai ruwan zafi, autar gidan ma ta daina kuka, ta kwanta tana kallon sama kawai. Matar ta ɗauki tsohon hijabin surukarta ta zura har ƙasa, ta ɗaura takunkumi, ta fita ta ƙofar lungu, ta zagayo ta tsaya a ƙarshen layi. Rana na dukanta. Shekara goma sha shida suna tare, ta tabbata zai gane ta, a can cikin ranta ma so take ya gane ta, ko da zagi zai biyo baya. Da layi ya zo kanta ya dube ta da wata sakakkiyar fuska da ta manta yana da irinta. "Baiwar Allah, yara nawa?" Ta ɗaga yatsu huɗu. "Maigidan fa?" Ta sunkuyar da kai. Ya girgiza kai, ya juya wajen masu waya ya ce, "Kun ga halin mazan yanzu. Allah ya shirye su." Ya auna mata kwano ɗaya, ya ƙara mata wani saboda tausayi.

Ta koma ta inda ta fito. Mai inji ba ya aiki, ta surfa ta daka a turmi har tafin hannunta ya yi kanta, ta dama wa tsohuwa kunu, ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Da yamma mutumin ya shigo a gajiye da aikin lada, ya ci ya sha ruwa, ya wanke hannu, sannan ya ce ashe dai akwai abinci a gidan nan, mata ba sa rabuwa da ɓoye-ɓoye. Ta kwashe kwanuka. Da gari ya waye ta sake ɗaura takunkumi. Haka ta riƙa ciyar da gidansa da bara a ƙofarsa har aka buɗe gari, mutanen unguwa suka taru suka laƙaba masa suna uban marayu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, inuwar giginya, na nesa ka sha.